Bege: kewa ce ko sa zuciya?

Wata mai karatu daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sumaila ta rubuto cewa bana ruwa ya ɗauke musu gero yana cikin bunni, sai fasto ya ce a majami'a, "Kada ku rasa bege." Maƙwabciyarta kuwa ta ce ai bege kewar wanda ya yi nisa ne. Tana tambaya, "Malam, wa ya fi gaskiya?"

'Yar'uwa, sannunku da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Maƙwabciyarki ba ta yi kuskure ba. A Hausar yau da kullum, bege shi ne abin da uwa take ji idan ɗanta ya tafi cin rani Legas: ta zuba tuwo, hannunta ya kai kan kwanonsa, sannan ta tuna ba ya nan. Waƙoƙin begen Annabi da Musulmi ke yi ma daga nan suka samo suna.

Shi ma faston yana kan hanya. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma kalmar ta daɗe a bakin masu bi da ma'anar jiran alkawarin Allah. A wata fassarar za ki ga bege, a wata kuma sa zuciya. Duba Littafin Romawa 5:3-5, inda Manzo Bulus ya jero su: wahala tana haifar da jimiri, jimiri ya gina hali, hali ya kai ga bege. A 8:24 kuma ya nuna abin da ido ya riga ya gani ba a begensa.

Ni dai na fi son bege a nan, domin akwai ciwo a cikin kalmar. Fata na baki ne, kowa na iya yi. Tsammani yana iya zama na warabbuka. Mai bege kuwa ya san abin da ya rasa, yana jin zafinsa, amma ya amince da wanda ya yi masa alkawari. Ba a ce ki ɓoye hawaye ba. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru.

Na ga wani dattijo a garin Gani da ya rataye zangarniyar gero 'yar kaɗan a saman ɗaki, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Yunwar marka ta matsa, jikoki na kallon wurin, bai taɓa ba. Iri ne, na damina mai zuwa. Idan kin sami ko tiya ɗaya daga gonar bana, ki ware naki.