Hukuncin kuɗin sauya sheƙa da diyyar horar da matasan 'yan ƙwallo

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da makarantar horar da yara ƙwallon ƙafa, mai rajista. Wani yaro ya shigo hannunmu tun farkon shekarar da ya cika 12, ya zauna har ƙarshen shekarar da ya cika 17. Yanzu ya kai 18, wani kulob a Turai zai ba shi kwantiraginsa na farko. An ce muna da diyyar horarwa, da wani kaso duk ranar da aka sayar da shi nan gaba. Wani ɗan'uwa ya ce mini wannan cinikin mutum ne. Kuɗin nan halal ne? Kuma ya halatta a yi wa yaro farashi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Tsoron da ɗan'uwan naka ya ji yana da tushe. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi daga Abu Huraira, inda Allah ya ambaci mutum uku da zai yi shari'a da su ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya sayar da ɗa, wato mutum mai 'yanci, ya ci kuɗinsa. Sai dai a ƙulla yarjejeniya, abin da ake dubawa shi ne haƙiƙarta. Ɗan wasa ɗan ƙodago ne da kulob ya ɗauka na wani wa'adi a kan sanannen albashi, wannan kuwa ijara ce. Kuɗin sauya sheƙa ana biyan su ne don tsohon kulob ya haƙura da ragowar wa'adin da yake da shi, kuma ɗan wasan ba ya motsawa sai ya sa hannu da kansa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta wa ɗan haya karɓar kuɗi don ya bar ragowar wa'adinsa, ta hana shi karɓa idan wa'adin ya ƙare. A kan wannan muke ƙiyasi, kuma dokar ƙwallo ma nan ta tsaya tun shari'ar wani ɗan wasa mai suna Bosman a Kotun Turai a 1995: kwantiragi ya ƙare, kuɗin sauya sheƙa sun faɗi. Wanda ya riƙe takardun ɗan wasa bayan wa'adi don ya tatsi kuɗi, ya ci dukiya da ɓarna, abin da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana.

Naka kuɗin kuma wani babi ne. Diyyar horarwa hukumar FIFA ce ta shimfiɗa ta, kuma duk kulob ɗin da ya yi rajista ya shiga ne bisa wannan sharaɗi. Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Ana lissafin ne da shekarun horo daga 12 zuwa 21, kuma da ma'aunin sabon kulob. A Turai kulob-kulob aji huɗu ne, kowane aji da kuɗinsa: Yuro 90,000 a shekara, 60,000, 30,000 da 10,000. Shekarun 12 zuwa 15 da aji na huɗu ake lissafa su. Idan kulob ɗin da zai ɗauki yaronka ɗan aji na biyu ne, shekara huɗun farko Yuro 40,000 ke nan, shekarun 16 da 17 kuma 120,000, jimla 160,000. Idan ɗan aji na huɗu ne, babu diyya sam. Kason da aka faɗa maka shi ne kashi 5 cikin ɗari da ake cirewa daga kuɗin sauya sheƙa a raba wa waɗanda suka yi renonsa daga 12 zuwa 23: kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25, daga 16 zuwa 23 tana da 0.5. Rabonka kashi 2 ne. A ciniki na Yuro miliyan 10, ka tashi da 200,000.

Duka biyun halal ne, domin sakayya ce a kan aikin da aka yi da dukiyar da aka kashe, kuma ba daga albashin yaron ake yanka ba. Wani zai ce ai adadin ya zarce abin da aka kashe wa yaron. Wannan ba ya ɓata shi, tunda adadi ne sananne da masu biya suka amince da shi tun kafin su ɗauka, kuma makaranta tana renon yara da yawa kafin ɗaya ya fita.

Amma halaccin yana rataye da gaskiyar shekarun, kuma nan ne ake yawan zamewa. Daga Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishin tantance biyan waɗannan kuɗi a birnin Paris na Faransa, kuma da fasfon wasa na yaron yake aiki, wato tarihin rajistarsa. Shekarar da ba ka yi masa rajista ba, za ta yi wuyar karɓuwa ko da ka ciyar da shi a cikinta. Wannan asara ce, amma ba ta halatta maka gyara tarihi ba. Idan ka rubuta shekarar da wata makaranta ta horar da shi a matsayin taka, haƙƙinta ka ci. Rage wa yaro shekaru kuwa ya haɗa laifi uku: shaidar zur, algus ga mai biya, da danne yaran da shekarunsu na gaskiya ne. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ina jaddada wannan saboda mutane na ɗaukarsa dabara, alhali duk abin da ya ƙaru a farashi ta dalilin ƙaryar haram ne.

Ƙiyasta farashi ya halatta, domin ƙimar kwantiragi ake ƙiyastawa: shekarunsa, ragowar wa'adinsa, gurbin da yake bugawa, wasannin da ya buga, da lafiyarsa. Shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba. Abin da ta hana shi ne najashu, kamar a yaɗa cewa wani kulob ya taya alhali bai taya ba, da kuma ɓoye tsohon rauni a gwiwa ko matsalar zuciya lokacin gwajin lafiya.

Sau da yawa sabon kulob kan nemi a yafe diyya a musanya da wani kaso na cinikin gaba. Diyyar haƙƙinka ce, kana iya yafe ta kyauta. Musanya sanannen adadi gaba ɗaya da abin da mai yiwuwa ba zai zo ba, gararinsa, wato rashin tabbas ɗinsa, babba ne, kuma Muslim ya ruwaito hani a kan cinikin garari. Abin da na fi natsuwa da shi: a karɓi sanannen adadi, kason ya zama ƙari a kansa, a rubuta ko daga jimlar kuɗin za a cire ko daga riba kaɗai, domin a nan rigima take tashi. Idan suka yi jinkirin biya aka yanke maka ƙarin kashi 5 cikin ɗari a shekara, wannan ƙari a kan bashi riba ce. Ka karɓi uwar kuɗinka, in ƙarin ya shigo hannunka ka fitar da shi ga mabuƙata.

Sauran yaran da ke hannunka, waɗanda ba su kai 18 ba, dokar FIFA ta hana a kai su kulob na wata ƙasa sai a 'yan keɓantattun halaye, kamar iyaye su yi ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. An taɓa hukunta Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019 a kan wannan. Kwantiraginsu ba ya wuce shekara uku, kuma tun 1 ga Mayu 2015 an hana wani ɗan kasuwa ya mallaki kaso a kuɗin cinikin ɗan wasa. Waɗannan dokoki kariya ce ga mai rauni, kiyaye su wajibi ne a kan wanda ya shiga tsarin. Takardar da ake tura wa uba ya sa hannu cewa rabin abin da ɗansa zai samu har abada na wane ne, ita ce ta fi kusa da abin da ɗan'uwanka ya tsorata, kuma waliyyi ba shi da ikon sa hannu a kan abin da zai cuci yaro. La'adar dillali halal ce in an san adadinta, kuma bai karɓa a ɓoye daga ɓangare biyu ba.

Kafin yaron ya sa hannu, ka zaunar da shi da mahaifinsa, a karanta musu kwantiragin da harshen da suke ji, su san albashi da wa'adi da abin da zai faru in ya ji rauni. Kuɗin sa hannu da albashi nasa ne, makaranta ba ta da kaso a ciki. Ka kuma bi haƙƙinka da wuri, domin FIFA ba ta sauraron ƙarar da ta wuce shekara biyu.

Allah ne mafi sani.