Ga mai son tafiya Turkiyya koyar da Turanci: abin da na gani a Konya

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tun da safe na ga tambayarka, sai yanzu bayan isha na samu zama. Ka ce kana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Samaru, kana da digirin Turanci na ABU, wata cibiyar koyon harshe a Turkiyya ta yi maka tayin aiki, kana so ka ji yadda zaman can yake, da kuma ko ka tafi da iyali. Na ga wasu sun ce ka tafi kawai, wasu sun ce duk damfara ce. Ni dai ɗan Tudun Wada ne a Zariya, na koyar da Turanci a birnin Konya daga 2017 zuwa 2022, abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Maganar takardu ba zan ja ta ba. Kada ka yarda ka shiga da bizar yawon buɗe ido a kan "idan ka zo za mu gyara". Izinin aiki makaranta ce take nema maka, kai kuma ka fara daga ofishin jakadancinsu a Abuja. Na farko ba ya wuce shekara ɗaya, kuma a ɗaure yake da wanda ya ɗauke ka, ran da ka bar shi izinin ya faɗi. Takardun karatunka ka kai su Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje a buga musu hatimi tun kana gida. In kana da hali ka yi CELTA, kwas ne na Cambridge na kusan awa 120 wanda ake sa ka koyar a gaban mai duba ka. Ni ita ce ta riƙa buɗe mini ƙofa a inda fasfon Najeriya yake rufe ta.

Don kuwa yana rufewa, gara ka sani tun yanzu. A wannan sana'a akwai waɗanda ake ɗauka su ne masu harshen: 'yan Amurka, Ingila, Kanada, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Mu da muka yi karatu da Turanci tun daga firamare ba ma cikin lissafi. A makon farko shugaban wurin da na fara aiki ya kira ni ofis, aka kawo shayi, ya ce idan iyaye sun tambaya in ce daga Amurka nake. Na ce masa ba zan iya ba, ƙaryar da zan riƙa ciyarwa kullum ta fi ƙarfina. Bai ji daɗi ba, amma bai kore ni ba. Daga baya na gano wani yaro Bature da ko digirin koyarwa ba shi da shi ya fi ni albashi nesa ba kusa ba. Na haɗiye, shekara ta cika na nemi wani wuri.

Aji kuwa bai ba ni wahalar da na zata ba. Wanda ya riƙe yara saba'in a aji ɗaya babu fanka, mutum goma sha biyu a kan kujeru masu laushi ba za su firgita shi ba. Suna girmama malami, kowa "hojam" yake ce maka, wato malamina, har mai shago idan ya san aikinka. Kurakuransu ma iri ɗaya ne, da ka gane tushensu shi ke nan. A harshensu kalma ɗaya ce, "o", take nufin shi da ita, don haka ɗalibi zai yi ta ba ka labarin mahaifiyarsa yana cewa "he". Ba su da "the". Ba su da sautin w, sai su mai da shi v. Sai dai ni ma na je da nawa kayan. Wata rana ina bayanin "past tense", wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta ɗaga hannu ta ce, hojam, "past" ko "fast"? Ajin ya yi tsit. Ka san mu da p da f. Na yi dariya na ce ku kuna da v da w, ni ina da p da f, mu yi ciniki: duk wanda ya kama wani, a rubuta a gefen allo. Har ƙarshen zango ana lissafi, kuma sun ci ni. Amma a gida na yi wata guda ina riƙe takarda a gaban bakina ina furta p har sai ta motsa. Ka fara wannan tun yau.

Abin da ya kusa mayar da ni Zariya, wanda babu wanda ya gaya mini, shi ne abin da ke biyo bayan an tashi daga aiki. Ka hau bene, ka buɗe ƙofa, ka rufe, shi ke nan. Babu dakali, babu majalisa, babu mai shayi, babu yaron maƙwabta da zai leƙo ya ce wai ana sallama. A Tudun Wada daga gida zuwa masallaci sai na gaisa da mutum goma. A can na yi wata uku ban yi wata magana da kowa ba in ba a aji ba, domin mutumin titi ba ya jin Turanci, ni kuma ba na jin nasu. Ga hunturu ya shigo. Kada ka auna shi da sanyin Samaru na watan Janairu. Konya tana kan tudu, sama da mita 1,000, ƙanƙara take zuba, a Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin shida kuma duhu ya yi. Sai in zauna jikin ƙarfen ɗumama ɗaki ina kallon waya, ina jiran a idar da isha a gida in kira Hajiya, da yake agogon Turkiyya ya riga na Najeriya da awa biyu. Tana tambaya ya ya, in ce lafiya lau, alhali ko tuwo na kasa ci. To wane tuwon ma.

Abin da ya warware ni, wani tsoho ne mai gyaran takalma a ƙasan benenmu. Kullum in na wuce sai ya ɗaga kai ya yi magana, ni kuma in yi murmushi in wuce kamar kurma. Rannan na tambayi ɗalibaina me ake ce wa mutum idan yana aiki. Suka ce "kolay gelsin". Ashe sannu da aiki ce tasu! Washegari na tsaya na faɗa masa. Ya ajiye guduma, ya jawo mini kujera, ya aika aka kawo shayi a ɗan ƙaramin kofin gilas ɗin nan mai siririn ƙugu. Ya tambaya ko ni Musulmi ne, na ce alhamdu lillahi, ya dafa ƙirji yana cewa Bilal Habashi, Bilal Habashi. Mun yi kusan awa ɗaya, rabi da hannu rabi da baki. Daga ranar na sayi littafi na zama ɗalibi. Tun 1928 suke rubutu da haruffan boko, don haka karatun ba wuya, kuma za ka yi ta tsintar 'yan'uwa a ciki saboda Larabci: kalem alƙalami, haber labari, sabun sabulu, dunya duniya, zaman zamani. Malaman da na ga sun gudu kafin shekara, kusan dukansu waɗanda suka ce su koyarwa suka zo yi ba koyo ba ne. Suna fita aji su shige ɗaki, su yi ta zagin garin a waya.

Za a kalle ka, wannan babu makawa. Yara za su nuna ka, samari su nemi hoto, a tambaye ka ko ɗan ƙwallo ne kai, ko daga Sudan kake ko Somaliya. Yawanci son sani ne. Akwai na banza kuma, wani mai gida ya fasa ba ni haya da ya gan ni ido da ido bayan mun gama magana ta waya. Ban mai da shi ma'aunin gari ba.

Masallaci ya taimake ni ƙwarai, sai dai su Hanafawa ne, za ka ga 'yan bambance-bambance, kamar wutiri raka'a uku a haɗe, da tasbihi da ladan yake ja bayan sallama. Ka bi jama'a, kada ka je da gardamar majalisa. Ranar sallah ce mai zafi. An sauko idi, kowa ya shige gidan danginsa, yara suna sumbatar hannun manya ana ba su alewa, kai kuwa hankalinka yana Ƙofar Fada, kana jin kakaki da algaita a ka. Shekarar farko a Facebook na kalli hawan Daushe, ban san lokacin da hawaye ya zubo ba.

Abinci halal ne ko'ina, wannan babbar rahama ce. Karin kumallonsu burodi ne da zaitun da cuku da tumatir, wanda ya saba da koko da ƙosai sai ya daure. Garin alkama mai tsaki da suke kira irmik yana yin tuwo sumul. Abin mamaki, mutanen Konya suna ji da miyar busasshiyar kuɓewa, 'yan ƙanana da ake shanyawa a zare, a gidan biki ake ba da ita, sai dai tasu da tsami-tsami kuma ba ta yauƙi, ga tsada. Ka cika jaka da kuka, daddawa, yaji da garin kuɓewa, a ɗaure daddawar a leda uku.

Kuɗi: ka dubi kuɗin da za a biya ka da shi kafin ka dubi yawansa. Lokacin da na sauka dala ɗaya tana wajen lira 3.5. A watan Agustan 2018 ta haura 6, a Disambar 2021 ta taɓa 18. Albashina bai ragu a takarda ba, amma abin da nake aikawa gida ya narke kamar man shanu a rana, su kuwa 'yan'uwa lissafinsu kana Turai. Ka nemi a rubuta ƙarin albashi a yarjejeniya, ka tambayi wa zai biya haya, wa zai biya kuɗin gas na hunturu, a kuma tabbatar an yi maka rajistar inshorar lafiya ta gwamnati, SGK. Ka tambayi awa nawa ne a mako, domin cibiyoyin harshe da yamma da Asabar da Lahadi suke cika.

Iyali kuma, shawarata ka fara yin gaba kai kaɗai, ka ga hunturu ɗaya, ka ga albashi ya shigo sau shida a kan lokaci. Ni bayan shekara na ɗauko maiɗakina, kuma kaɗaicin da na sha ita ta sha ninkinsa, domin ni ina fita. Sai a watan Muharram wata maƙwabciya ta ƙwanƙwasa da kwanon ashure, wani kunun alkama mai zaƙi da suke rabawa, kamar dai cika-cikinmu. A al'adarsu ba a mayar da kwano wayam, sai ta zuba mata cincin da dubulan. Kafin wata biyu ta fi ni jin harshen, ita take yi mini ciniki a kasuwa. In uwargida mai shiga mutane ce za ta yi daɗin zama, in mai kunya ce sosai ka yi tunani sau biyu, kuma ku yi shawarar tare, kada ka yanke ita ta ji daga baya.

Ba ka faɗi garin ba. Istanbul daban take, akwai 'yan Najeriya da yawa da shagunan kayan miyarmu, amma haya za ta cinye ka. Ka faɗo sunan garin, da abin da suka rubuta game da gida da izinin aiki, in duba maka. Rigar sanyi kuma kada ka ɓata kuɗinka a gwanjon Sabon Gari kamar yadda na yi, ɗaya ta sauka daga jirgi ta isa, ta gaske a can ake saya.