Daga Yawunde zuwa Marwa da iyali: inda nake yada zango

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai da na rufe shago na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce a hutun Disamba za ka ɗauki iyali a motarka daga Yawunde zuwa Marwa a arewacin Kamaru, kai da maiɗakinka da yara huɗu da Hajiya mahaifiyarka, kana neman inda za ku kwana a hanya, kuma kana tambaya ko kwana ɗaya zai isa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni mutumin Garwa ne, na yi shekara tara a unguwar Birkitiri ta Yawunde kafin in dawo gida, kuma kusan kowace shekara sai na bi wannan hanya da nawa iyalin, har Marwa ɗin ma, don can ne gidan surukaina.

Kwana ɗaya ba zai isa ba. Tafiyar ta haura kilomita 1,300, kuma kai kaɗai ne a kan sitiyari. Kada ka auna kanka da direbobin bas, su hanya ce gonarsu, kuma fasinjan da ke bayansu ba uwarsu ba ce. Ka ƙudurta kwana biyu a hanya, ka bar na uku a aljihu ko da za a buƙace shi.

Abin da na koya da wuya shi ne, masaukin iyali da rana a sama ake nemansa. Idan la'asar ta yi maka a garin da ke da wurin kwana, tsaya nan, ko da zuciya na ce maka saura kaɗan. Kakanninmu fatake da suka ratsa ƙasar nan da jakuna suna neman goro da hauren giwa ba sa yada zango cikin duhu. Madugu kan sauke ayari tun da haske, a ga ruwa, a ga itace, a ga inda za a ɗaure dabbobi. Mu da muka samu mota muka ɗauka dare ya zama namu. Wanda ya iso gari ƙarfe goma na dare da yara suna kuka ba shi da zaɓi, duk ɗakin da aka nuna masa sai ya karɓa.

Ni kaina na taɓa karɓa. Wata shekara mun makara da tashi daga Yawunde, na ƙi tsayawa a Bertuwa, na ce sai Garwa-Bulai. Muka shiga garin dare ya raba, manyan motocin da ke jiran ƙetarawa zuwa Bangi sun yi layi a gefen titi, ɗakunan kirki duk an kama. Wani yaro mai babur ya kai mu wani oberj, wato ƙaramin masaukin haya, a lungu. Da fitilar waya na duba ɗakin, na ga gado, na ga ƙofa tana kulluwa, na biya. Ashe bangon da gadon ya jingina da shi na mashaya ne. Kiɗa bai tsaya ba sai wajen asuba, famfo ba ko ɗigo, bokiti ɗaya aka ba mu mu shida. Ƙaramar 'yata tana tambayar uwarta wai bikin wa ake yi. Uwargida ba ta ce da ni komai ba, ta shimfiɗa zanenta a kan katifar ta kwantar da yaran, ita ta kwana a zaune a kan sallaya. Wannan shirun nata ya bi ni har Ngaundere. Ba garin ne da laifi ba, na sha kwana lafiya a Garwa-Bulai daga baya, amma sai da na riƙa isa kafin magariba.

To ga yadda nake raba ta. Ranar farko, Yawunde zuwa Bertuwa, kilomita wajen 340 ta Ayos da Abong-Mbang da Dume. Za ka ga kamar ta yi kaɗan, amma ranar tashi ba a taɓa tashi a kan lokaci, akwai ɗaurin kaya, akwai sallama da maƙwabta, akwai wanda zai tuna ya bar takalminsa na Juma'a. Kuma hanyar gabas ta motocin katako ce, waɗanda ke ɗauke da gungumen itace guda uku huɗu a baya. Ba na son haɗuwa da su da dare, wani lokaci ɗaya ta lalace a kwana, alamar da za ka gani kawai ganye ne da aka zuba a kan kwalta. A Bertuwa akwai otel iri-iri. Idan kana son inda za ka ji kiran salla kusa, ka samu shayi da nama ba tare da tambaye-tambaye ba, Manju tana gaba kaɗan a kan hanyarka, Fulani da Hausawa sun cika ta.

Rana ta biyu ita ce doguwa, Bertuwa zuwa Ngaundere, ta ɗan haura kilomita 500. Ku yi sallar asuba ku kama hanya. Ku ci abincin rana a Garwa-Bulai ko Maiganga, ku haɗa azahar da la'asar ku yi ƙasaru, Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi. Idan kun bar Bertuwa a makare, ko wani yaro ya fara amai, Maiganga wurin kwana ne mai kyau, gari ne mai natsuwa, ba hayaniyar iyaka. A wannan yanki za ka ga ana sayar da zuma a bakin titi, ka saya wa Hajiya, amma ka ɗanɗana tukuna.

Ngaundere kuwa, in da za a ce in zaɓi zango ɗaya tak a duk hanyar, ita zan zaɓa. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,000, don haka ba ka buƙatar ɗaki mai na'urar sanyi, ko an ɗauke wuta barcinku za ku yi. Sai dai a Disamba sanyin asubarta ba wasa ba ne, yaran da suka tashi a Yawunde ba su san shi ba. A fito da rigunan sanyi da man shafawa tun daga gida, a sa su a jakar hannu, kada su shige ƙarƙashin buhunan tsaraba. Ka roƙi masu masauki ruwan zafi don alwalar Hajiya, yawanci ba sa ƙi. Ni nakan guji unguwar tashar jirgin ƙasa don kwana da iyali, saboda can ne fasinjojin jirgi da na bas ke cakuɗuwa dare da rana. Nakan shiga cikin gari. Akwai kuma ɗakunan baƙi na mishan, wasunmu na jin nauyin zuwa, amma ni na kwana a irinsu, na samu tsabta da shiru da fili inda yara suka yi guje-guje, ba wanda ya hana mu shimfiɗa sallaya. Idan kun iso da sauran rana, kai yara su ga ƙofar fadar Lamiɗo, ka saya musu kilishi. Yaron da ya wuni a ƙunshe cikin mota, in bai zazzage ƙafarsa ba kafin isha, kai zai hana barci.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake dagewa a kan Ngaundere: falez, wato gangaren dutsen da ke gabanta. Bayan ka wuce Dang inda jami'a take, ba da nisa sosai ba hanya za ta fara gangarowa daga tudun Adamawa, kwana bayan kwana, rami a gefe. Manyan motoci na sauka da ƙyar, birkinsu na wari. Wannan gangare da safe ake yinsa, ido a buɗe, giya a ƙasa, ƙafa ba ta zauna a kan birki ba. Duk wanda ya ce maka ku wuce Ngaundere da yamma ku kwana a gaba, ka tambaye shi ko da 'ya'yansa ya taɓa yin haka. Yaron da mota ke juya wa ciki a nan zai nuna kansa, a ajiye leda da ruwa kusa, kuma kada a cika musu ciki da ƙosai kafin a sauka. A ƙasa akwai Mbe, garin doya. Uwargida za ta ce a tsaya, kai kuma za ka ce ba wuri a mota. Ita za ta yi nasara.

Rana ta uku ce ke da hukunci. Ngaundere zuwa Garwa wajen kilomita 280 ne, Garwa zuwa Marwa kuma 200 da ɗan kai. A takarda wuni ɗaya ne. Amma zuwana na ƙarshe ramukan da ke tsakanin Ngaundere da Garwa sun ci mini lokaci fiye da yadda na lissafa, ga shanu na ƙetare titi, ga motocin auduga a lokacin kaka, ga hazon hunturu. Inda hanyar ta bi gefen gandun dajin Binuwai birai kan fito bakin kwalta, yara za su so a tsaya, a rage gudu dai su kalla ta gilashi. Ma'aunina shi ne gadar Binuwai da ke bakin Garwa: idan na hau ta kafin ƙarfe ɗaya na rana, mukan ci abinci a Garwa, mu yi salla, mu wuce ta Pitowa da Figil mu shiga Marwa da haske. Idan ta kai ƙarfe uku, an gama magana, a Garwa za a kwana. Ranar Lahadi ka ƙara lokaci, kasuwar Pitowa na ci, titi kan cushe.

Garwa garina ne, amma ba zan ɓoye maka ba, zafi gare ta. A Disamba da sauƙi, dare na yin sanyi. Wanda zai bi ta a Maris ko Afrilu kuwa, zafin kan wuce digiri 40, kada ya kama ɗaki sai ya tambaya ko akwai janareto, kuma ko ana tayar da shi da dare, don samunsa daban, kunna shi daban. Sauro ma na nan saboda kogi.

Yanzu maganar da na san tana ranka ko ba ka faɗa ba: sauka gidan 'yan'uwa. Wani zai ce mutum da dangi a kowane gari me ya kai shi otel. Gaskiya ne, zumunta a ƙafa take, kuma Hajiya za ta fi sakewa a cikin gida da mata 'yan'uwanta fiye da ɗakin haya. Amma ku bakwai ne. Na taɓa faɗa wa wani ɗan'uwan mahaifina a Ngaundere da iyalina, na kira shi muna Maiganga. Ya ce maraba lale. Da muka iso, an tashi yaransa daga barci an mayar da su falo, matarsa ta hura gawayi ta ɗora tuwo ƙarfe goma sha ɗaya, an yanka kazar da na tabbata ba don mu aka ajiye ta ba. Da safe na so mu tashi da asuba, ina! Sai an dama kunu, sai an soya waina, sai an kai mu mun gaida maƙwabcin da ya san kakana. Ƙarfe goma muka bar gidan, muka sauka falez da rana tsaka, Marwa kuma ba mu gan ta ba ranar. Ba abin da suka yi sai alheri, ni ne ban yi tsari ba. Tun daga nan, in zan sauka gidan dangi nakan faɗa mako guda kafin ranar, in ambaci yawanmu, in ce da asuba za mu tashi kada a ɗora komai, in kuma shiga da tsaraba mai nauyi. Wani lokaci mukan raba: tsohuwa da mata da ƙananan yara su kwana cikin gida, ni da samari mu kama ɗaki a kusa. Kowa ya huta, ba wanda ya ji an guje shi.

In otel ne ko oberj, kada ka biya sai maiɗakinka ta shiga ta gani. Idonta ba irin naka ba ne. Kai gado za ka duba, ita za ta murɗa famfo, ta ɗaga zanen gado, ta leƙa banɗaki. Ka tsaya a tsakar wurin ka kasa kunne, ka tambaya kai tsaye ko akwai mashaya a ciki ko a maƙwabta. Ka nemi ɗakuna biyu masu jere a ƙasa, don gwiwar Hajiya ba ta bene ba ce, ka kuma tambaye ta irin masan da ta fi iya amfani da shi, tsofaffi na jin kunyar faɗa. Mota ta kwana cikin get da maigadi, in ba haka ba sai kun sauke kaya duka kun sake ɗaurawa da asuba. Za a ba ka takarda ka cike da katin ɗan ƙasa, don haka katunan manya da takardun haihuwar yara su zauna a jaka ɗaya a gaban mota, jandarmomi ma na iya tambaya a shinge.

Abin da ba ya barin but ɗin motata: buta biyu, tabarma, zannuwan gado namu, gidan sauro da igiya da ƙusa, jarkar ruwa, filas na ruwan zafi, fitila mai caji, da maganin zazzaɓin yara. Dambun nama da soyayyen naman da aka yi a gida sun fi ceton mutum fiye da abincin tasha, musamman a gabas inda sai ka tambaya wa ya yanka. Ka tanadi canjin sefa 500 da yawa saboda shingayen biyan kuɗin hanya, kuma kada ka dogara da kuɗin waya kaɗai, akwai wuraren da layi ke ɗaukewa. Mai kuwa, ka cika tanki a kowane babban gari ko da bai kai rabi ba.

Na ga wani cikin masu ba ka amsa ya ce ku zarce Kusiri ku leƙa Njamena tunda kun zo kusa. Wannan wata tafiya ce daban. Hanyar Mora da Waza da Dabanga ba a shiga ta da iyali sai an tambayi direbobin da suka fito daga can a ranar, kuma ba a yin ta da yamma ko kaɗan.

In kuma jikin Hajiya ba zai ɗauki wuni biyu a zaune ba, ka sa ta a jirgin ƙasa na dare ita da maiɗakinka da autan, su kama ɗaki mai gado, su kwana suna tafiya su wayi gari a Ngaundere. Kai da manyan yaran ku riga su tashi da kwana biyu, ku tarye su a tasha. Na yi wa tawa mahaifiyar haka sau biyu, ta sauko tana ba ni labarin ayaba da abarbar da ta saya ta taga a tashoshin hanya. Idan kun sa rana ka sanar da ni. In gadar Binuwai ta kama ku bayan ƙarfe uku, gidana yana unguwar Marware a nan Garwa, akwai ɗakin da Hajiya za ta miƙe ƙafa, kuma na yi alkawari ba za a tsare ku da kunu ba.