Fatawa: Tiyatar rage ƙiba, da wanda ya kamata ki miƙa wa cikinki

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 38, yarana huɗu, nauyina ya kai kilo 128 kuma ni ba doguwa bace, tsayina mita 1.60 ne. Ina da suga da hawan jini, gwiwa kuwa ba'a magana, sallah ma a zaune nake yi yanzu. Babu shayin rage teɓa da ban sha ba, na yi azumi na daina cin tuwo da dare, sai in ragu kaɗan ya dawo har da ƙari. Likitan da ke dubani yace in fara tunanin tiyata. Toh akwai wata da na samu a Instagram tana kai mutane Turkiyya, fakej ne da otal da mota da komai kwana biyar an gama, kuma tace likitar mace ce musulma. A Abuja kuma akwai wani likita namiji kuma ba musulmi bane, kuɗinsa ya fi yawa kuma yace sai na yi gwaje-gwaje na wata da watanni. Maigida yana cewa canza halittar Allah ne. Malam ya halatta? Kuma dole ne in zaɓi macen?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya baki lafiya ƴar'uwa, yasa kaffara ne.

Maganar maigida zamu fara ɗauka tunda ita ce mai sauƙi. Ayar da yake nufi tana Suratun Nisa'i aya ta 119, inda shaiɗan ya sha alwashin zai umarci mutane su canza halittar Allah, sannan ga hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim da aka la'anci masu zane a jiki da masu wushiryar ƙarya don neman kyau. Duk wannan gaskiya ne, amma hadisin da kansa ya ɗaure abin da neman kyau. Wanda ciwo ya kama shi magani yake nema. Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, yasa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi yasa na zinare, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Kuma Annabi (SAW) yace ku nemi magani bayin Allah, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Matar da suga da hawan jini suka haɗu mata, gwiwa ta hanata sujada, ba ado ta fito nema ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a 2007 ta ce ya halatta a rage nauyi ko da ta tiyata ne, idan nauyin ya zama ciwo, babu wata hanya sai tiyatar, kuma an aminta daga cutarwa. A lissafin likitoci kuma, kilo 128 a tsayin mita 1.60 BMI ɗinki, wato ma'aunin nauyi idan aka gwada shi da tsayi, 50 kenan, su kuwa tun 1991 suka sa iyakar fara yin wannan tiyata a 40, ko 35 ga mai ciwo irin suga, a 2022 ma ƙungiyoyin masu wannan tiyata suka ƙara sassautawa. Kinga kin wuce layin da nisa. Asalin aikin a wajenki halal ne. Ki karanta masa wannan cikin ladabi, ina kyautata zaton tsoro ne yake ji miki ya fake da aya, kuma tsoron nasa yana da wuri kamar yadda zaki gani.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne sharaɗi na ƙarshe ɗin nan, aminci daga cutarwa, saboda shi ba a jikin tiyatar yake ba kawai, yana hannun wanda zai riƙe wuƙar. Aiki ɗaya sai ya zama halal a hannun wani, a hannun wani kuma ya zama jefa kai ga halaka da Allah ya hana a Baƙara aya ta 195.

Ki san me za'a yi miki tukuna. Wadda aka fi yi yanzu, ita ce suke cewa silib, ana huda ciki ƴan ƙananan huji a shiga da kyamara a yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi waje, a ɗinke sauran da ƴan ƙarafa. Ya tafi kenan, ba yadi bane da za'a koma Kantin Kwari a ƙaro in tela ya ɓata. Ɗayar kuma baifas, a ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi da hanji kai tsaye. Kowacce da wanda ta dace da shi, misali mai fama da ƙwannafi sosai silib tana iya ƙara masa, shi yasa likitan kirki yake leƙa cikin da kyamara ta baki kafin ya yanke shawara. Kuma ki bambance su da zuƙe kitse, wancan gyaran siffa ne, ba ya maganin suga, da yawa masu tallan intanet suna cakuɗa su da gangan.

Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa daga Zaid ɗan Aslam cewa wani mutum ya ji rauni a zamanin Annabi (SAW), ya kira mutum biyu daga Banu Anmar su duba shi, sai Annabi (SAW) ya tambaye su, waye a cikinku ya fi iya magani? Ibnul Ƙayyim ya ciro daga nan cewa a kowace sana'a wanda ya fi ƙwarewa ake nema. Wannan ita ce tambayar da shari'a ta ɗora miki. Akwai kuma hadisin Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah cewa duk wanda ya yi likitanci alhali ba'a san shi da likitanci ba, toh shi zai biya abin da ya ɓata. Idan shari'a ta kama mai yi, ke mai miƙa jiki ma ba'a barki ki rufe ido ba.

Yanzu maganar mace da namiji. Eh, asali mace ita ke duba mace, kuma majalisar fiƙihun nan a zamanta na Brunei a 1993 ta jera su: likita mace musulma ƙwararriya, in babu sai mace wadda ba musulma ba amintacciya, in babu sai namiji musulmi, in babu sai namiji wanda ba musulmi ba, a buɗe iya inda ake buƙata kawai, kuma da mijinki ko muharrami ko wata mace amintacciya a wajen. Amma wannan jerin yana aiki ne tsakanin waɗanda duk sun iya aikin. Ba'a ce ki bar gwani ki tafi wajen wadda baki san komai akanta ba don kawai an ce miki mace ce. Tsare rai yana gaba da tsare al'aura idan suka yi karo, babu saɓani a wannan. Addinin likita ma haka, Annabi (SAW) ranar hijira ɗan jagoran da ya ɗauka mutumin Banu Dil ne yana kan addinin Ƙuraishawa, saboda ya san hanya kuma yana da amana.

Kuma ni abin da na lura, ke baki san likitar Turkiyyan ba, ejan kika sani, wato dillaliyar nan ta Instagram. Ita ejan kamashonta take ci akan kowane kai, dillanci halal ne ban ce haram bane, amma shaidar mai cin riba akan hajarsa ba ta isa hujja a maganar rai. Hotunan kafin da bayan aiki da take sawa, waɗanda abin ya yi wa kyau ne kawai, wadda ta dawo tana amai wata uku ba za'a sa hotonta ba. Turkiyya akwai manyan asibitoci da gwanayen likitoci, Masar da Indiya ma haka, ba ƙasar nake suka ba. Kice ta baki cikakken sunan likitar da sunan asibitin, ba sunan kamfanin ba, ki bincika da kanki ko ɗanki ya bincika miki, sannan ki nemi magana da likitar ta bidiyo kafin ki tura ko sisi. Irin wannan aikin nawa take yi a shekara? Asibitin akwai ɗakin ICU, wato na kula da waɗanda jikinsu ya yi tsanani, da ma'ajiyar jini, ko ƙaramin kilinik ne a saman bene? In matsala ta taso waye zai biya kuɗin komawa tiyata? In aka fara miki kwana-kwana, ko aka ce ki yi sauri rangwamen zai ƙare ranar Juma'a, toh ki riƙe kuɗinki. Na Abujan ma kar ki ɗaga masa ƙafa don yana gida, a duba rajistarsa a hukumar likitoci ta MDCN, a tabbatar likitan tiyata ne da ya yi horo akan wannan aikin musamman, ki yi masa tambayoyin nan duka.

Kwana biyar ɗin nan ne ya fi tsaya min a rai wallahi. Babban abin da ake tsoro bayan aikin shi ne ɗinkin ya yi yoyo, abin ciki ya zuba inda bai kamata ba, kuma yana iya bayyana bayan kwanaki ko sati ɗaya ko biyu, zuciya ta dinga bugawa da sauri, zazzaɓi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu. Ga gudan jini da kan daskare a ƙafa ya tafi huhu, doguwar zama a jirgi kuma tana ƙara haɗarinsa. Ki ɗauka rana ta takwas kina ɗakinki a Kano ƙarfe biyun dare abin ya taso, wa zaki kira? Ejan zata ce ki je asibiti mafi kusa, likitan da ke kan aiki a daren bai san me aka yanke ba bai san me aka bari ba, takardun ma ƙila da Turkanci suke. Wannan gwaje-gwajen da na Abuja yace sai kin yi, da kike gani kamar jan rai ne, ni a wajena alama ce mai kyau, domin mai suga da hawan jini sai an daidaita su an duba zuciya kafin a sa ta barci.

Sannan aikin ba ya ƙarewa ranar da aka sallameki. Sati biyun farko ruwa-ruwa ne kawai, sai abinci mai laushi, a hankali a koma ɗan loma kaɗan, kuma bitamin B12 da maganin ƙarin jini da na ƙashi zaki dinga sha har ƙarshen rayuwa tare da gwajin jini lokaci-lokaci. Maganin suga da na hawan jini ma sai an sake lissafinsu da wuri, in ba haka ba suga ya faɗi ƙasa. Ɗaukar ciki kuma likitoci suna cewa a dakata wata 12 zuwa 18, wannan kam dole maigida ya sani ya yarda tun yanzu. Duk wanda zaki zaɓa, ki tambaye shi waye zai bibiyeki shekara guda bayan aikin, da masanin abinci da komai, in bashi da amsa bai cika sharaɗi ba ko da kyauta zai yi.

Don haka hukuncin: tiyatar ta halatta gareki, ba dole bane ki zaɓi macen, wajibinki shi ne wanda kika tabbatar ya fi ƙwarewa kuma zai iya kula dake bayan aiki. A yadda kika siffanta su, na Abuja ya fi kusa da cika sharuɗɗan in bincike ya tabbatar da shi, maigida ko wata ƴar'uwa su dinga shiga dake wajen dubawa. In kuma kin binciki ta Turkiyyan kin samu gwana ce a asibiti na gaske, toh ita ce gaba saboda mace ce, da sharaɗin ki tafi da mijinki ko muharrami, ki zauna can har likita ta ce jirgi ba matsala, ki taho da rahoton aikin da Turanci, kuma tun kafin ki tashi ki samu likita a nan gida da ya amince zai karɓeki. Tafiya akan maganar ejan kaɗai ban halatta miki ba. Kuɗin kuma kar a ci bashin ruwa, in adashi ne ko sayar da wani abu a jira ya taru, kina shan magungunanki kafin nan.

Azumi kuma ki tsara aikin nesa da Ramadan in zai yiwu, saboda ƙaramin tumbi ba ya ɗaukar ruwa da yawa lokaci guda, ba zaki iya cika ciki da sahur irin na da ba. In Ramadan ya riskeki likita yace kar ki yi, ki sha abinki ki rama daga baya, ke mara lafiya ce da nassin Baƙara aya ta 185. Ki yi istihara kafin ki sa hannu a takarda.

Wallahu a'alam.