Ba kowane bakin ruwa ne ke son mutum-mutumi ba

Malam, ina gajiya, ina iyali? Tambayarka kan hoton yaran da aka ɗauka a Akra ta fi ƙarfin layi biyu a waya. Ka ce yaya Musulmi zai kai iyalinsa shan iska inda aka jera gumaka, kuma me ya sa ma ake ɓata bakin ruwa da su.

Wurin da ka gani filin tunawa da Kwame Nkrumah ne, inda ya yi shelar 'yancin Ghana ranar 6 ga Maris 1957. An buɗe shi a 1992, aka sake gyara shi a 2023. Waɗanda ke jere cikin ruwan, mutum-mutumin mabusa ne, irin na fadar sarakunan nan. Ba mai yanka musu kaza, ba mai zuba musu giya. Can gefe ma akwai wani mutum-mutumin Nkrumah da aka fille wa kai a juyin mulkin 1966, an ajiye kan kusa da gangar jikin, yaran makaranta na ta leƙe. Abin da ake bauta wa ba a yi masa haka a baje shi a fili.

Mu 'yan Zango ba ma sassaƙa su, ba ma ajiye su a gida. Hadisin da kuka karanta a Katsina, cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura, shi muka karanta a unguwar Aboabo da ke nan Kumasi. Wanda muke son tunawa da shi, sai a sa sunansa a makaranta ko masallaci, a yi masa sadaka. Sai dai ƙasar ba tamu mu kaɗai ba ce. Ƙidayar 2021 ta ce Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne, kuma kakanninmu da fataucin goro ya kawo Kumasi, masauki aka ba su. Asantawa kuwa a sassaƙa suke ajiye tarihinsu: a kujerar sarauta, a kan sandar mai magana da yawun sarki, har a 'yan ma'aunan zinariya na tagulla. A shataletalen da ke kusa da babban asibitin Kumasi, mutum-mutumin Okomfo Anokye, babban bokan Asantawa na da, na tsaye riƙe da kujerar zinariya. Direban tirotiro (ƙaramar bas ta haya) ɗan Zango yana kewaya shi kullum, a wurinsa kwatance ne kawai.

Ba wai bakinmu ya zo ɗaya ba. Akwai samarin da ba za su tsaya hoto kusa da shi ba ko da kuɗi, akwai waɗanda ba ruwansu. Amma in la'asar ta riski iyali a irin wurin nan, za ka ga tsohuwa ta duba alƙibla, ta ja sallayarta gefe har sai ta tabbata babu komai tsaye a gabanta, sannan ta kabbara. A wannan kam ban taɓa ganin an yi gardama ba.

Batun dacewa da bakin ruwa, ni a ganina ruwa ne ya bambanta. Lambun Rattray da aka buɗe nan Kumasi a 2015, tafkinsa haƙa shi aka yi, ruwan da ke rawa da fitilu da dare inji ne ke harba shi. Wurin duk aikin hannu ne, ƙarin sassaƙa ba zai rage masa komai ba. (Baturen da aka sa wa lambun sunansa ya ji Hausa sosai, har ya tattara tatsuniyoyinmu aka buga a 1913.)

Tafkin Bosomtwe daban ne. Yana wajen kilomita 30 kudu maso gabashin Kumasi, faɗinsa kusan kilomita 8, cikin ramin da dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, tuddai sun kewaye shi. In ka gangara ƙauyen Abono za ka ga masunci zaune kan falankin katako da suke kira padua, ƙafafu cikin ruwa, yana tuƙi da hannu, domin al'adarsu ta hana ƙarfe taɓa ruwan. Asantawa na cewa nan rayukan mamatansu ke zuwa ban kwana. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu. To a nan tsoronka yana da tushe. Wurin da mutane suka riga suka ɗauka mai tsarki, in ka kafa siffar mutum a bakinsa, wa zai hana wani ya zo da kwalba ya zuba mata? Shi ma Ba'asanten da ke riƙe da al'ada ban ga yadda zai so a dasa tagulla da siminti inda ake gudun ƙarfe ba. Dalilinmu daban, amma amsarmu ɗaya.

Da ni ake shawara, kuɗin sassaƙar sai a yi rumfuna da bencina, a gina bayan gida da wurin alwala, a ajiye kwandunan shara, don ranakun hutu ledojin ruwa su ke cika bakin tafkin.