Amsa: Yaushe ake ganin tsuntsayen Turai a Legas?

Malam, ka tambaya ko a watan Afrilu ƙananan tsuntsayen nan masu ƙaura suke isowa Legas, kamar yadda ka ji ana murnar zuwansu a Ingila. A'a ɗan'uwa, lokacin da mutanen Ingila ke yi musu maraba, mu bankwana muke yi. Wajen Oktoba zuwa Nuwamba suke sauka wurinmu, sun gudo wa sanyin Turai, sai Maris da Afrilu su juya.

Amma kada ka karaya, watan Maris ɗin ma akwai abin kallo. Kafin su tashi sai sun ci ƙwari sun tara kitse, don Sahara da tekun Bahar Rum na gabansu. Wata 'yar tsuntsuwar nauyinta bai wuce giram 10 ba, amma ta ƙetare duka biyun. Ikon Allah!

Ka yi sammako ka nufi gandun Lekki Conservation Centre, kafin cunkoson hanya. Ka duba tsattsewa mai jan maƙogwaro da wutsiya a rabe, tana shawagi ƙasa-ƙasa. Inda shanu ke kiwo kuma, lura da wata ƙaramar tsuntsuwa mai ɗorawar ciki, tana bin ƙafafunsu tana kaɗa wutsiya.