Yahoo kamfanin imel ne ko gidan jarida?

Tambaya: Malam, tun zamanin kafe nake da imel na Yahoo. Amma kullum na shiga sai na ratsa labarai, ƙwallo, hasashen yanayi da tallace-tallace kafin in kai ga saƙonnina. Me ya kawo wannan tarkace? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Da gangan aka tsara shi haka, kuma tsohon fasali ne. A shekarun 1990 mutum zai hau intanet bai san inda zai dosa ba, sai Yahoo da AOL da Excite da Lycos suka zama ƙofar gari, ta nan kowa ke shiga. Imel na kyauta da labaran duk dabarar zaunar da kai ce, don idonka suke sayar wa masu talla. Kamar mai katanga ne a bakin tasha: ba ruwansa da inda motarka za ta, shi dai a kama hayar jikin katangarsa a manna allo.

Irin wannan allon ya fara bayyana a HotWired, shafin intanet na mujallar Wired, cikin Oktoba 1994, har da na kamfanin AT&T. Ana biyan kuɗinsa ne gwargwadon yawan idon da ya gani, yadda jarida da talabijin ke yi. Kenan akushi ɗaya suka sa hannu, shi ya sa hankalin tsofaffin gidajen yaɗa labarai ya tashi. Kamfanin yaɗa labarai na Time Warner ya buɗe tasa ƙofar, Pathfinder, a 1994, ya rufe ta a 1999. Disney ta sayi kashi 43 cikin ɗari na shafin bincike Infoseek a 1998, ta kafa tata ƙofar, Go.com, a farkon 2001 ta haƙura. Suna da kaya, suna da kuɗi, amma jama'a ba ta saba bi ta ƙofarsu ba.

Sai babban abin mamaki a Janairu 2000: AOL, yaron jiya, ta sanar da haɗewa da Time Warner mai CNN da mujallar Time, cinikin da ya haura dala biliyan 160. Ba a je ko'ina ba kasuwar hannun jarin kamfanonin intanet ta rushe. Da yawa cikin masu ba da tallar ƙananan kamfanoni ne masu kashe kuɗin masu zuba jari, da rijiyar ta ƙafe talla ta ɗauke. A 2002 haɗaɗɗen kamfanin ya tafka asarar kusan dala biliyan 99.

A ganina duk su biyun, ƙofofin intanet da tsofaffin gidajen, sun shagala da faɗan allo ne wani ya sure naman. GoTo.com ya fara a 1998, Google ya biyo da AdWords a 2000, suna nuna talla ga wanda ya rubuta abin da yake nema da hannunsa. Mai sayar da takalmi ai ya fi son mutum ɗaya da ya rubuta "takalmi" a kan dubun da suka zo duba sakamakon ƙwallo. Ƙarshenta Verizon, kamfanin sadarwa na Amurka, ta saye AOL a 2015 kan dala biliyan 4.4, ta haɗa da Yahoo a 2017 kan kuɗi kusan haka.

Kai kuwa, rubuta mail.yahoo.com kai tsaye, ko ka sauke manhajar Yahoo Mail a waya. Can ma za ka ga talla a saman jerin saƙonni, ta yi shigar saƙo sak. Duba 'yar alamar da ke gefenta kafin ka taɓa.